Tambayoyi da amsoshi kan umarnin REVERSE na juya rubutu a rumbun bayanai

Shekara biyar ke nan ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoman riɗi da shinkafa a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, a Jihar Jigawa. Da yamma kuma, idan batirin sola ya samu caji, nakan zauna da matasa shida ko bakwai a shagon kwamfuta muna koyon SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. A cikin umarnin da muke bi, babu wanda ake rainawa a ranar farko kamar REVERSE, kuma babu wanda ake dawo mini da tambayoyi a kansa kamarsa idan an fara aiki da rajista ta gaske. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, tare da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, mene ne ainihin aikin REVERSE?

Yana karɓar rubutu ne ya dawo da shi a juye, harafin ƙarshe ya zama na farko, na farko ya koma ƙarshe. Wanda ya rubuta

SELECT REVERSE('gero');

zai ga oreg a fuskar kwamfutarsa. Idan kuma sunan ginshiƙi aka ba shi, kamar SELECT REVERSE(suna) FROM manoma, zai juya sunan da ke kowane layi na teburin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ajiye a teburin ba ya canzawa, domin SELECT karantawa kawai yake yi. Sarari tsakanin kalmomi, da aya, da lambobi, duk haruffa ne a wurinsa, yana juya su tare da sauran.

Duk manhajojin rumbun bayanai suna da shi?

Ba duka ba, kuma dalilin shi ne ba ya cikin daidaitaccen SQL da aka fara amincewa da shi a 1986, kowane kamfani ne ya ƙara shi don kansa. SQL Server na Microsoft yana da shi, MySQL da MariaDB suna da shi, PostgreSQL kuma ya samu nasa a fitowa ta 9.1 a shekarar 2011. A Microsoft Access sunansa StrReverse.

Oracle ne ke buƙatar hattara. Idan ka rubuta SELECT REVERSE('gero') FROM dual zai ba ka amsa, amma kamfanin bai sa umarnin a cikin jerin waɗanda ya bayyana a hukumance ba, don haka bai ɗauki alkawarin cewa halinsa zai ɗore ba. SQLite kuwa, wanda shi ne ke cikin yawancin manhajojin wayar Android, ba shi da REVERSE a asalinsa. Tun fitowa ta 3.8.3 a 2014 ana iya gina shi da tambaya mai kiran kanta, wadda ke tsinto harafi ɗaya-ɗaya daga ƙarshe:

WITH RECURSIVE j(i, s) AS (SELECT length('gero'), '' UNION ALL SELECT i - 1, s || substr('gero', i, 1) FROM j WHERE i > 0) SELECT s FROM j WHERE i = 0;

Wannan yana aiki, sai dai yana da nauyi idan layuka sun yi yawa, kuma na fi son a juya rubutun a cikin manhajar kafin a zuba shi a tebur.

Shin daidai yake da juya magana irin ta zaurance?

A'a. Mai wasan juya magana gaɓa yake juyawa, ya ce dagi a maimakon gida, kuma kunnen Bahaushe zai iya bin sawunsa. REVERSE bai san gaɓa ba, adig zai ba ka. Haka nan bai san cewa sh da ts sauti ɗaya-ɗaya ne da muke rubutawa da haruffa biyu ba, shi ya sa shinkafa take komawa afaknihs, tsamiya ta koma ayimast.

Ruɗani biyu kuma sukan biyo bayan wannan. Wasu suna zaton zai mayar da Musa Garba ya zama Garba Musa, alhali abraG asuM zai fitar, domin sauya jerin kalmomi aiki ne na daban da ke buƙatar a raba sunan tukuna. Wasu kuma suna nufin su ga jerin sunaye daga Z zuwa A, wanda aikin ORDER BY suna DESC ne.

To, in haka ne, wane amfani gare shi ga mai riƙe da rajista?

Babban amfaninsa shi ne yana mayar da ƙarshen rubutu ya zama farkonsa, kuma rumbun bayanai ya fi iya nema ta farko nesa ba kusa ba. Bari in ba da misalin da na fi sani. Ranar rabon taki, manomi yakan zo gaban tebur ba tare da katinsa ba, sunansa kuma irin wanda mutum goma sha suke da shi a rajista ne. Idan na ce, "Baba, faɗa mini lambar wayarka," sau da yawa sai ya ce bai haddace ta duka ba, amma ya san tana ƙarewa da 4417. Hanya mafi kusa ita ce:

SELECT suna FROM manoma WHERE waya LIKE '%4417';

Alamar % tana nufin kowane rubutu zai iya zama a gurbinta. Amsa za ta fito daidai, amma akwai abin da ke faruwa a ɓoye. Fihirisa, wato jerin da rumbun ke ajiyewa a gefe don saurin nema, idan an gina ta a kan ginshiƙin waya jere take tun daga harafin farko, tamkar ƙamus. Mai neman kalmar da ta fara da ba a ƙamus ya san shafin da zai buɗe, amma mai neman duk kalmomin da suka ƙare da nci dole ya bi littafin daga bango zuwa bango. Haka kwamfuta take yi idan alamar % ta zo a gaba: tana duba kowane layi.

Dabarar ita ce a ajiye lambar a juye a wani ginshiƙi, a gina fihirisa a kansa, sannan a juya abin da ake nema shi ma. Lambar da ta ƙare da 4417, idan an juya ta, da 7144 za ta fara. A MySQL, wanda ya samu ginshiƙai masu lissafa kansu tun fitowa ta 5.7, ana yin haka:

ALTER TABLE manoma ADD waya_juye VARCHAR(15) AS (REVERSE(waya)) STORED;

CREATE INDEX f_waya_juye ON manoma (waya_juye);

SELECT suna FROM manoma WHERE waya_juye LIKE CONCAT(REVERSE('4417'), '%');

A SQL Server ma ginshiƙi mai lissafa kansa ake ƙarawa, a ɗora masa fihirisa. PostgreSQL ba ya buƙatar sabon ginshiƙi, yana karɓar fihirisa kai tsaye a kan reverse(waya), sai dai a yawancin saituna dole a haɗa da text_pattern_ops kafin LIKE ya amfana da ita. Kuskuren da na fi gani shi ne a gina fihirisar sannan a ci gaba da tambaya da '%4417' a tsohon ginshiƙi, a yi ta mamakin da babu abin da ya canza.

Ya kamata kowa ya gina wannan fihirisa ta juye?

A ganina a'a. Rajistarmu ba ta kai mutum dubu uku ba, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita tana duba ta gaba ɗaya kafin in ɗaga hannu daga madanni. Wanda ke riƙe da layuka dubu ɗaruruwa ko miliyoyi, kamar rajistar jiha guda, shi ne zai ga bambanci a fili. Fihirisa tana cin wuri, tana kuma ƙara wa kowane sabon shigarwa ɗan aiki, don haka a auna da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda rumbun zai bi ya amsa tambaya, ko da tsarin aiwatarwa da SQL Server ke nunawa, kafin a yanke shawara. Idan kuma kullum lambobi huɗu na ƙarshe ake nema, ginshiƙin da ke ɗauke da RIGHT(waya, 4) ya wadatar, kuma wanda zai gaje ka a aikin zai fi saurin gane shi. Ribar juyawa ita ce tana karɓar uku, ko huɗu, ko shida, gwargwadon abin da mutum ya tuna.

Ta yaya ake ciro gutsuren ƙarshe na lambar rasit da shi?

Wannan shi ne amfani na biyu, kuma masu SQL Server ne suka fi dogara da shi. Rasit ɗin ƙungiyarmu yana da siffa irin TAKI/2024/DAMINA/0458, kuma abin da ma'aji yake so shi ne 0458 kaɗai. CHARINDEX yana nemo alamar / ta farko ne, ba ta ƙarshe ba. Idan aka juya rubutun ya zama 8540/ANIMAD/4202/IKAT, ta ƙarshen ta dawo gaba, tana matsayi na 5, wanda ke nuna cewa haruffa huɗu ne a bayanta:

SELECT RIGHT(lamba, CHARINDEX('/', REVERSE('/' + lamba)) - 1) FROM rasit;

A lura da alamar / da na liƙa a gaban lamba. Ba don ita ba, duk rasit ɗin da aka shigar babu alamar zai sa CHARINDEX ya dawo da sifili, a cire ɗaya ya zama -1, tambayar gaba ɗaya ta tsaya da kuskure saboda layi guda. Da ita kuwa, irin wannan layin zai fito yadda yake.

Sauran manhajojin suna da gajeriyar hanya, kuma ita ya kamata a bi. MySQL yana da SUBSTRING_INDEX(lamba, '/', -1). PostgreSQL, tun fitowa ta 14, yana karɓar split_part(lamba, '/', -1). A Oracle, INSTR yana iya fara nema daga ƙarshe idan aka ba shi -1.

Zan iya ciro sunan gari daga ƙarshen cikakken suna da wannan dabara?

Za ka iya gwadawa, amma kada ka amince da sakamakon sai ka bi shi da ido. Mutanenmu da yawa suna rufe sunansu da garinsu, kuma idan Gumel ne ko Kazaure ko Ringim, neman sararin ƙarshe zai fitar da shi daidai. Amma a cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa akwai Birnin Kudu, da Kafin Hausa, da Malam Madori, da Sule Tankarkar, waɗanda za su fito a matsayin Kudu, Hausa, Madori da Tankarkar. Wasu kuma da sunan mahaifi suke rufewa, wasu da sana'a ko sarauta. Maganin yana wurin tsara teburi tun farko: suna da ginshiƙinsa, sunan mahaifi da nasa, gari da nasa.

Me ke faruwa da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin misalan da ke littattafan koyarwa ba da haruffanmu aka rubuta su ba. A UTF-8, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da kwamfuta ke ajiye haruffa da su, harafi irin a ko k bayit ɗaya yake ci, wato ƙaramin gurbin ajiya guda, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Harafin ƙ, alal misali, C6 ne da 99 a jere. Umarnin da ke juya haruffa zai ɗauki biyun a matsayin abu ɗaya, ya mayar da ƙasa asaƙ, riɗi ya koma iɗir. Wanda ke juya bayit kuwa zai sa 99 a gaban C6, abin da ba harafi ba ne a UTF-8, sai a ga akwati ko alamar tambaya a gurbinsa. MySQL da PostgreSQL haruffa suke juyawa, muddin an faɗa musu gaskiyar tsarin da rubutun yake ciki. REVERSE na Oracle an san shi da juya bayit, wanda shi ne dalili na biyu na guje masa a rubutun Hausa.

Na ce muddin an faɗa musu gaskiya ne saboda abin da ya same mu. Wanda ya fara kafa mana rajistar ya bar teburin MySQL a tsarin latin1, wanda shi ne zaɓin asali kafin fitowa ta 8.0 a 2018 ta koma utf8mb4, alhali manhajar shigarwa UTF-8 take turawa. Shekara biyu babu wanda ya lura, domin abin da aka zuba shi ake karɓa, sunaye suna fitowa lafiya lau. Ranar da wata ɗalibata ta juya ginshiƙin sunaye don gwaji, sai ta kira ni: "Malam, zo ka ga Ɗanladi da Ɗahiru." Duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa ya fito da tarkace, domin rumbun yana ɗaukar kowane ɗayansu haruffa biyu ne. Tun daga lokacin, gwajin farko da nake yi wa kowane sabon teburi shi ne in zuba ƙwarya da ɓera da ɗaki, in juya su, in kuma ƙirga tsawonsu da CHAR_LENGTH. Idan ɗaki ya ba da 5 a maimakon 4, akwai gyara.

A SQL Server, a yi ginshiƙin da NVARCHAR, kuma a sa N a gaban rubutun, kamar REVERSE(N'ƙasa'). Idan aka manta da N ɗin, harafin yakan lalace tun kafin REVERSE ya taɓa shi. Fitowa ta 2019 ta kawo damar ajiye UTF-8 a VARCHAR, amma sai an zaɓi tsarin da kansa.

Baƙin 'y fa, da hamza?

A rubutun Najeriya 'y alama ce da harafi, don haka suna rabuwa idan an juya: 'Yankwashi zai koma ihsawknaY' da alamar a can ƙarshe. A Nijar, inda ake rubuta ƴ, harafi ɗaya ne, ba ya rabuwa. Sannan alamar ita ce SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita, saboda haka sai an ninka ta, a rubuta REVERSE('''Yankwashi') ko REVERSE('Sa''adu'). Ga wata matsalar kuma: alamar da madannin kwamfuta ke bugawa miƙaƙƙiya ce, wadda wasu wayoyi da Microsoft Word ke sawa lanƙwasasshiya ce, kuma a wurin rumbun bayanai haruffa ne daban-daban. A daidaita su da REPLACE kafin a gina kowace fihirisa a kan sunaye.

Rubutun ajami yana fitowa a birkice a rahotona. In juya shi da REVERSE?

Kada ka yi. Kwamfuta tana ajiye ajami da Larabci bisa jerin da ake karanta su, harafin farko a farko, kuma manhajar da ke nunawa ce ke da alhakin jera su daga dama zuwa hagu. Idan sun fito a birkice, laifin na manhajar rahoton ne, a can za a gyara. Wanda ya juya abin da ke ajiye zai ga kamar ya yi daidai a wannan takardar, amma nema ba zai ƙara samun kalmar ba, kuma duk wata manhaja mai lafiya za ta nuna ta a baibai.

Ɓarnar ta fi haka ma. Fataha da kisira da rufu'a kowace alama ce mai zaman kanta da ake ajiyewa bayan baƙin da take hawa. Idan aka juya, wasalin zai riga baƙinsa zuwa, ya hau kan maƙwabcinsa. Haka abin yake ga masu nazarin harshe da ke sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali a rubutun boko, idan an shigar da alamar daban da harafinta.

Idan lamba aka ba shi ba rubutu ba, ko kuma gurbin babu komai?

SQL Server da MySQL za su mayar da lambar rubutu da kansu, REVERSE(1230) ya ba da 0321. Idan ka mayar da wannan rubutun ya koma lamba, sifilin gaba zai faɗi ya bar 321, kuma juyawa ta biyu 123 za ta ba ka, ba 1230 ba. PostgreSQL ba zai karɓa ba sai ka mayar da ita rubutu da kanka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa lambar waya, mai lambobi 11 da ke farawa da sifili, take zama a ginshiƙin rubutu.

Gurbin da ke NULL, wato wanda ba a zuba masa komai ba, NULL zai dawo. Sai kuma ginshiƙin CHAR a SQL Server, wanda ke cike ragowar wurinsa da sarari: gero a CHAR(10) zai juyo da sarari shida a gabansa, neman 'oreg%' ya dawo hannu rabbana. A share da RTRIM kafin a juya.

Ana cewa ana gane kalmomin da ke karantuwa ta gaba da ta baya da shi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma darasi ne mai kyau ga mai koyo. WHERE kalma = REVERSE(kalma) zai fitar da uku, iri, ana da aka. A PostgreSQL, Uku ba zai fito ba sai an sa LOWER a ɓangarorin biyu, domin yana bambanta babban baƙi da ƙarami, alhali saitin asali na MySQL da na SQL Server ba sa bambantawa.

Zan iya ɓoye lambar NIN ko BVN ta membobi ta hanyar juya ta?

A'a, kuma wannan nake tsananta wa ɗalibaina a kai. Juyayyar lamba duk wanda ya kalle ta sau biyu zai gane ta, kuma umarnin da ya juya ta shi ne zai dawo da ita. Waɗannan lambobi amana ce, manomi ya ba ka ne don taki ko bashin noma, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su. Abin da ake buƙata shi ne ɓoyewa ta gaske mai mabuɗi, da taƙaita waɗanda ke iya buɗe teburin, da barin karɓar lambar da aikin bai buƙata ba. Kalmar sirri kuwa ba a ajiye ta a miƙe ko a juye, ana wuce da ita ta hanyar da ba ta komawa baya, irin bcrypt.

Na yi kuskure na sa shi a UPDATE, umarnin da ke canza abin da ke ajiye, sunayen duk sun juye a teburin. Sun tafi ke nan?

Idan dukan layukan ka juya sau ɗaya, kuma haruffan ba su lalace ba, maimaita umarnin sau ɗaya tak zai dawo da su, domin juyi biyu asali ne. Wahalar tana zuwa ne idan akwai WHERE a umarnin farko, ko an shigar da sababbin sunaye bayan kuskuren, domin a lokacin teburin ya zama gauraye, maimaitawa za ta gyara wasu ta ɓata wasu. Kuma idan sharaɗin WHERE ɗin a kan sunan kansa yake, ba zai sake kama layukan da ya kama da farko ba, tunda sun canza. A irin wannan hali, dakatar da shigarwa nan take, ka kwafe teburin yadda yake, sannan ka kwatanta shi da kwafin ajiya na ƙarshe ta lambar memba, layi da layi.

Ɗalibaina sun san ƙa'idar shagon: kowane UPDATE sai an fara rubuta shi a matsayin SELECT an ga abin da zai taɓa, sannan a buɗe shi da BEGIN, ko BEGIN TRANSACTION a SQL Server, a duba layuka biyar ko goma, kafin a ce COMMIT don tabbatar da canjin, ko ROLLBACK don soke shi. Kwafin rajistar kuma duk ranar Alhamis nake sauke shi a filashi biyu, ɗaya a akwatin ma'aji, ɗaya a gidana, saboda wutar shagon takan ɗauke a tsakiyar aiki idan hadari ya rufe rana kwana biyu a jere.